Wasiƙa: Yadda ya kamata a ziyarci Birnin Shehu, da abin da ke cin kayan tarihinsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan baƙin da ke zuwa Sakkwato ziyara, musamman ɗaliban makarantu da ake lodo a bas-bas da zarar sanyi ya shigo. Yadda aka saba yi shi ne a iso gari rana tsaka, a leƙa Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake, minti goma, a tsaya ƙofar fada a ɗauki hoto, a sayi kilishi, a juya. Daga baya sai ka ji wani yana cewa ai Sakkwato ba abin kallo sosai. Laifin ba na garin ba ne. Mutum ya zo ne da idon Kano, yana neman Dala da doguwar ganuwa da Gidan Makama, alhali Sakkwato yarinya ce a cikin birane. Muhammadu Bello ne ya kafa ta a 1809, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai tare a cikinta ba sai 1815, shekara biyu kafin rasuwarsa. Abin da wannan gari ya gada yana cikin takarda da kaburbura da sunayen shiyoyi da sana'ar hannu. Irin wannan gado ba a ganinsa ta tagar mota.

Lokaci shi ne abu na farko. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ake iya yawo a ƙasa cikin gari. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma duk wanda ya taɓa cire takalmi a farfajiyar siminti da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ya san abin da muke nufi. Wanda dole ta sa ya zo a bazara, ya gama yawon waje kafin ƙarfe 11, ya saka safa mai kauri a aljihu, kowane mutum kuma ya riƙe aƙalla lita biyu na ruwa. A zaɓi tsakanin Litinin da Alhamis. Ranar Juma'a ofisoshi na tashi da wuri, hanyoyin da ke kewayen manyan masallatai kuma sukan cushe tun kafin azahar. Makaranta ta aika takarda mako biyu kafin zuwa, ta faɗi yawan yara da ajinsu. Kada mai bayani ɗaya ya ja fiye da yara 15. In sun wuce haka, na gaba ne kawai ke ji, na baya suna can suna taɓa abin da aka ce kada a taɓa. Lungunan tsohon gari ba sa ɗaukar doguwar mota, don haka a ajiye ta a bakin titi, a taka da ƙafa ko a hau kabu-kabu.

Shawararmu ita ce a fara da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ba da Hubbare ba. Wanda ya fara ganin takardu da makamai, in ya isa kaburbura ya san waɗanda yake yi wa sallama. Gidan yana ɗauke da sunan Waziri Junaidu ɗan Buhari, wanda aka haifa a 1906, ya zama Waziri a 1948, ya rasu a 1997, kuma masu binciken tarihin Daular Usmaniyya da dama a zamaninsa sun zauna a zaurensa. A ware wa wurin sa'a biyu cur. Abin da ke ciki iri uku ne: rubuce-rubucen hannu, takardun mulki na zamanin En'e da Turawa, da kayan yaƙi da na sarauta da na sana'a.

Yawancin baƙi kan wuce rubutun hannu da sauri saboda ba su san inda za su ajiye ido ba. To, ga yadda ake duba shi. Littafinmu na da ba a ɗinke shi, waraƙa ce a kan waraƙa, a naɗe cikin tadarishi na fata, a saka a gafaka. Babu lambar shafi. A ƙasan shafi, can gefen hagu, marubuci yakan ajiye kalma guda, wadda ita ce za ta buɗe waraƙa ta gaba. Da ita ake gane ko littafi ya cika ko an yi ɓatan waraƙa, da ita kuma ake mayar da shi daidai in ya tarwatse. Sai hannun rubutun: irin na Magrib ne, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Ɗalibin da ya saba da bugun Misira ko na Madina yakan karanta ƙaf a matsayin fa, ya ce malamai sun yi kure, alhali shi ne bai iya ba. Baƙar tawada ita ce ta matani, ja kuma ta kan babi da wasula da sunayen da ake girmamawa. Ƙananan rubutun da ke tsakanin layuka da gefen shafi na ɗalibai ne, sau da yawa fassarar kalma ce da Hausa ko Fulatanci, kuma wani lokaci sun fi matanin kansa ba da labarin yadda aka yi karatu a wannan gari.

In ma'aikaci ya yarda ya ɗaga waraƙa ga haske, za a iya ganin tambarin masana'anta a jikin takardar. Wanda ya fi yawa a ƙarni na 19 shi ne jinjirin wata uku a jere. Takarda ce ta arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a bayan raƙumi. Wannan tambari yana da amfani, domin akwai kuskuren da ake yawan yi: a ga shekara a ƙarshen littafi a ce ai wannan da hannun Shehu ko na Bello aka rubuta. Sau da yawa shekarar ta wallafa ce, mai kwafa ya kwafe ta tare da sauran kalmomi bayan shekara hamsin ko ɗari. Takarda da tawada da sunan mai kwafa, in ya sa, su ne shaida. Shekarar ma ba kullum ake rubuta ta da lamba ba, akan sa ta a ramzi, wato haruffa masu ɗauke da lissafi. A hisabin Magrib da malamanmu ke bi, shinun 1000 ce, ra 200, lam 30, ba 2. Haɗa su ka sami 1232, shekarar da Shehu ya rasu. Mai son ya mayar da ita ta Miladiyya ya cire uku cikin ɗari, ya ƙara 622, zai faɗa a 1817. Malamin da ya koya wa yara wannan kaɗai a gaban gilashi, bai yi asarar kuɗin mota ba.

A nemi a nuna ajami ma. Shehu ya yi yawancin waƙoƙinsa na wa'azi da Fulatanci, littattafansa da Larabci. 'Yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ɗan'uwanta Isa kuma ya mayar da waƙoƙi da dama zuwa Hausa. Yaron da ke zaton rubutun Hausa ya fara ne da boko, a nan ya kamata a warkar da shi.

Wajen kayan yaƙi, a tsaya a kan lifidi da sulke. Lifidi riga ce mai kauri ta doki da mahayinsa, an cusa mata audugar rimi an ɗinke. Tana tare kibiya, amma tana da nauyi da zafi, kuma wuta na kama ta. Sulke kuwa zobba ne na ƙarfe a sarƙe. A matsa kusa a dubi zobe ɗaya: in bakinsa biyu an haɗa su da ɗan ƙusa an daddale, aikin yaƙi ne na gaske. In an lanƙwasa waya ne kawai baki ya taɓa baki, to yawanci na ado ne, irin na hawan salla, domin mashi zai buɗe shi. A gaban waɗannan kaya ne ya dace a ba da labarin Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804, inda Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade masu lifidi, Jama'ar Shehu kuwa ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo yawancinsu 'yan baka ne, dawakinsu ƙalilan, amma suka yi rinjaye. Kada a bar yara su shafa takobi ko sulke. Gumin yatsa yana da gishiri, inda ya taɓa nan tsatsa za ta fito. Hoto kuma sai da izini, kuma ba a kunna fitilar waya a kan tsohuwar takarda ko tufa mai rini.

Daga nan sai Hubbare. Ba gidan kallo ba ne, maƙabarta ce, kuma a da gidan Shehu ne, a ɓangaren da aka faɗaɗa birni dominsa aka kira shi Sabon Birni. A shiga da sutura ta kamala, a cire takalmi inda aka ce a cire, a rage murya, a bi abin da masu kula da wurin suka tsara game da inda maza ke bi da inda mata ke tsayawa. Abin da ziyara ke bukata shi ne sallama ga mamata da yi musu addu'a. Malamai sun yi magana da yawa a kan abubuwan da wasu ke ƙarawa, ba kuma nan ne wurin wannan muhawara ba. Abin da za mu ce kawai shi ne Shehu, mai kabarin, ya ƙarar da rayuwarsa yana rubutu a kan raya sunna da kashe bidi'a. A tanadi canji don sadaka, a bayar a waje bayan an fito. Wanda ya zaro kuɗi tun a bakin ƙofa ba zai shiga cikin natsuwa ba.

A nan ma akwai kabarin Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. In an dace, za a ga ayarin mata daga ƙauyuka tare da jagorarsu. Wannan ragowar tsarin 'yan taru ne da ta kafa, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, ta tura ta koyar da matan karkara da waƙoƙi. A ba su hanya, kada a ɗauke su hoto kamar abin mamaki. Sun riga kowace makarantar boko sanin hanyar wurin.

Wani gyara da ya kamata malamai su yi wa ɗalibai tun a mota: ba duk sarakunan Musulmi ne ke kwance a Hubbare ba. Muhammadu Bello ya rasu a 1837 a Wurno, ribaɗin da ya gina, can kabarinsa yake. Abubakar Atiku yana Katuru. Attahiru na Ɗaya ya faɗi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, a watan Yulin 1903. Abdullahi ɗan Fodiyo yana Gwandu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, shi ne na 20 in aka fara ƙirga daga Shehu.

Masallacin Shehu da Masallacin Bello suna nan a gurabensu na asali, amma ginin da ake gani na zamani ne, domin tun zamanin Sardauna aka sauke na ƙasa aka yi na siminti, an kuma sake gyare-gyare bayan nan. A gaya wa baƙo haka a fili, kada a bar shi yana shafa bango yana zaton hannun mutanen Shehu ne. Abin lura shi ne tsarin wurin: fada a Kanwuri, masallaci a gabanta, fili a tsakani, gidajen waziri da alƙalai a kusa. Sunayen shiyoyi sun riƙe wannan tsari har gobe. Giɗaɗawa zuriyar Waziri Giɗaɗo ce, Alƙanci wurin alƙalai. Fada kuwa gidan sarki ne mai rai, ana zaman fada, ana karɓar baƙi, ana sasanta mutane. Ba a kutsa kai. Ƙungiya ko makarantar da ke son gaisuwa ta rubuta tun da wuri, ta jira a ba ta rana, in an shiga kuma a bi abin da dogarai suka nuna.

Ganuwa ta tafi, sai sunayen ƙofofi takwas: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Kade, Ƙofar Aliyu Joɗi, Ƙofar Atiku da Ƙofar Taramniya. Baturen nan Kilafaton, wanda ya zo wurin Bello a 1824, ya dawo a 1826, ya mutu a nan a watan Afrilun 1827, ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20 zuwa 30, ya kuma ƙirga ƙofofi 12 da ake rufewa da faɗuwar rana. Takwas da sha biyu ba su zo ɗaya ba, kuma wannan aikin gida ne mai kyau ga ɗaliban tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Mai son ya gane girman tsohon birni ya ɗauki Keke Napep ya zagaya ƙofofin nan da sassafe, sa'a ɗaya ta isa. A ƙarasa da Giginya, a kudu da tsohon birni, inda aka gwabza da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Yau sunan ya koma kan filin wasa da bariki da otal, har yara da yawa ba su san daga itaciya da fagen yaƙi ya samo asali ba.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. A lungunan tsohon gari har yanzu akwai zaurukan ƙasa da soraye masu ɗaurin guga, wato rufin ƙasa mai baka, a hannun iyalai, ba hukuma ba. Su ne ainihin tsofaffin gine-ginen Sakkwato, kuma kowace damina sai an rasa wasu. Kilafaton ya ga ana gina masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, ya ce babban maginin Bazazzagi ne, wato tun farko garin ya san darajar gwani har yana ɗauko shi daga nesa. Ginin irin wannan da tubali ake yinsa, curin ƙasa mai siffar ƙwai da aka busar a rana, a jera shi tsaye a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bango ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Rufi da azara ake yi, wato tsagin kututturen giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kamar ƙafa shida. Shi ya sa ɗakin talaka ke da ƙunci, shi ya sa kuma mai son faɗi sai ya nemi gwanin da zai ɗaura bakan gizo, a jera azara gaba-gaba ana ɗaurewa, kowace ta ɗan leƙo gaban ta ƙasa, har ƙafafun bakan su haɗu a tsakiya. In ka shiga irin wannan zaure, ɗaga kai ka ƙirga bakan, ka dubi inda suka haɗu. Nan ne magini ke nuna iyawarsa.

Abin da ke kare wannan gini daga ruwa shi ne yaɓe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ake kwaɓawa da ƙasa a shafe bango. Rufi da wuraren da ruwa ya fi duka kuma a yi musu laso, haɗin katsi na gindin karofi da gashin awaki daga majema da ruwan dafara. Ka ga ke nan magini yana dogara da marini da majemi. Da karofi suka ragu, katsi ya yi wuya, sai mutane suka koma siminti, ga shi kuwa a Kalambaina ake yinsa, ba nisa.

A nan ɓarnar take. Siminti ba ya tafiya tare da ƙasa. Bangon ƙasa yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, simintin da aka shafa masa kuwa ya tsaya ƙyam, sai ya tsage. Ruwan Agusta ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita, sai ya jiƙa ƙasar da ke baya ta zama taɓo. Daga waje bango lafiya lau, har da fenti. Ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa: in ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da jikinsa, wata rana da dare zai zube gaba ɗaya. Abu na biyu shi ne indararo. In ya toshe da ganye ko sheƙar tsuntsu, ko ya yi gajarta har ruwa na zuba a gindin bango, to ginin ya kama hanya. A share shi a watan Mayu kafin ruwan farko, a tabbata bakinsa ya yi nisa da bango, a kuma sa dutse ko fasasshen tulu inda ruwan ke sauka. Na uku, titi da kwalbati. Duk lokacin da aka ɗaga titi ya fi daɓen gida tsawo, ruwan unguwa gidan zai nufa, damshi ya hau bango daga ƙasa, gindin ya rube. Na huɗu shi ne loda wa rufi sabuwar ƙasa kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba, har nauyi ya fi ƙarfin azara ta lanƙwashe. Maganin duk wannan ba kuɗi mai yawa ba ne, yaɓe ne a kan kari da magini wanda ya san aikin. Irin waɗannan magina sun tsufa, kuma ba mu ga yara a bayansu ba.

Kafin a bar cikin gari a bi ta Madunka da Majema da Maƙera Assada. Fatar jan akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun fataken Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Da bagaruwa ake jeme ta, karan dafi ke ba ta ja. Mai sayen jaka ko titimi ko alabe ya shinshina: jima mai kyau ba ta wari. Ya lanƙwasa fatar, in fuskarta ta yi tsaga-tsaga an yi gaggawa wajen jima ko an shafa fenti ne a sama. Ya goga da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle fari ya ga ko launi zai bi shi. Ya dubi ɗinki ta ciki, domin wanda aka yi da tsinken fata ya fi na zaren roba daɗewa. A yi ciniki, amma kada a taya aikin kwana uku kamar na roba.

Wuraren da ke wajen gari suna da yawa: Sifawa ta hanyar Boɗinga, inda Shehu ya zauna kafin ya taro Sakkwato, Degel a ƙasar Gwadabawa, inda ya yi karantarwa har hijirar Fabrairun 1804 zuwa Gudu, Wurno, kufan Alkalawa a ƙasar Sabon Birnin Gobir, da Surame a ƙasar Binji, birnin Kanta na Kabi mai ganuwar dutse tun ƙarni na 16, wanda ya shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007. Sifawa ce mafi sauƙi, hanyar filin jirgi ce, ana zuwa a dawo kafin azahar. Sauran kuwa, gaskiya ɗaya ce: matsalar tsaro a gabashi da arewacin jihar ba ɓoyayya ba ce. Kada wata makaranta ta ɗauki 'ya'yan mutane zuwa can sai ta tuntuɓi hukuma da uban ƙasar wurin a ranar tafiyar, ba a makon da ya wuce ba, kuma a kasance an dawo kafin la'asar.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha da Majalisar Sarkin Musulmi ba mai tsada ba ne. A kafa allo a kowace ƙofa da Giginya da manyan shiyoyi, da Hausar boko da ajami da Turanci, layi biyar kacal: mene ne wannan wuri, wa ya yi shi, yaushe. A horar da matasan shiyoyin su zama masu yi wa baƙi bayani, a ba su shaida, domin yanzu kowa abin da ya ji daga kakarsa yake faɗi, wani ma yakan haɗa Bello da Sardauna a zamani ɗaya. A bi gida-gida a rubuta zaurukan ƙasa da suka rage, a ɗauki hotonsu da awonsu, a kuma haɗa tsofaffin magina da ɗaliban kwalejin fasaha ko da na damina biyu ne.

Sai kuma iyalan da ke da littattafan kakanni a gida, waɗanda a ganinmu abin da ke hannunsu ba kaɗan ba ne. Kada a manna salatif a waraƙar da ta yage, domin gam ɗinsa yana cin tawada, bayan 'yan shekaru ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada a kai wa masu laminatin, zafi ne da roba, kuma ba a warware shi. Kada a sa lambar shafi da biro, in dole ne a yi da fensir a gefe. Kada a lashi yatsa wajen buɗawa. A fitar da su daga buhun leda, domin leda na tara gumi da damina, takarda ta yi fumfuna ta manne. A naɗe kowane littafi a farin ƙyallen auduga wankakke, a kwantar da shi a akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan bulo ko benci, taƙi ɗaya daga ƙasa kuma kada ya jingina da bango, saboda gara ta ƙasa da bango take zuwa. A buɗe a duba sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta. Da hunturu takarda takan bushe ta yi ƙaras, don haka ba lokacin yawan juya ta ba ne. Mai waya mai kyamara ya shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa da hantsi, ya ɗauki kowace waraƙa gaba da baya bi da bi, ba tare da ya canza jerinsu ba, har da tadarishin da gafakar, sannan ya ajiye hotunan a wuri biyu, ɗaya a wajen gidan. In waraƙu sun riga sun manne da juna, kada a ɓamɓare su da wuƙa ko a turara su a kan tukunya. A bar su yadda suke, a kai wa ma'aikatan Gidan Tarihi ko na sashen rubuce-rubucen hannu na jami'a su duba.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman tarihi da magina,
Sakkwato.